Gizagon da Ya Ɗaure Ɗangana

Duk wanda ya taɓa kwana a Warra ya san ƙarar gizagon Ɗangana, ko da bai taɓa ganin mai shi ba. Da an fito masallaci da asuba, tun masunta ba su gama jawo taru ba, za ka jiyo ta daga bakin gulbi, sara ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ni da ita nake tashi in hura wutar banda. Sunana Zulai'atu, bandar kifi ce sana'ata, Ɗangana kuwa taubashina ne, don innata ƙanwar babansa ce. Wannan ya ba ni damar faɗa masa duk abin da ya zo bakina, kuma ban taɓa barin damar nan ta wuce ni ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gemunsa ya yi fari tun shekarunsa ba su kai ba. Aikinsa jiragen katako. Ya haɗa sabo, ya gyara tsoho, ya ɓamɓare katakon da ya ruɓe ya sa wani, ya cusa auduga a tsaga ya bi ta da kwalta. Jiragen da ke kai mu kasuwannin ƙetaren ruwa, da masu ɗauko albasa da shinkafa daga tsibirai, da wuya ka sami wanda hannunsa bai taɓa ba. Ƙafafunsa kuwa kada ka so ka gani. Tsayuwa cikin ruwa ta mai da su fari fat, tsakanin yatsun duk ya tsattsage. Nakan ce masa ko tarwaɗa ta fi shi sanin tudu, shi kuma ya ce kyanwowin Warra ba sa bukatar a nuna musu ƙofar gidana.

Amma a cikin gari ba da jirgi aka fi saninsa ba. Da kunne aka san shi. Ɗangana yana jin ƙarfe yadda uwa ke jin kukan ɗanta a cikin taron suna.

Ranar kasuwa, da ya yi sallar azahar, sai ya hau tudu da wata tsohuwar ƙusa a aljihu da guntun magagari. Kafin ya kai layin masu kayan ƙarfe mutane sun biyo shi. Wannan gatari yake so, wancan lauje, wata kuma mijinta ya aiko ta sayen guduma ta rasa inda za ta fara. Ba ya taɓa komai sai ya tambayi mutum.

"Aikin mi za ka yi da shi? Kullum, ko sai ta ɓaci?"

In na gida ne, a kafa ƙusa a bango, a sare reshe, a ɗaure ƙyaure, sai ya zaɓar maka mara nauyi, ya hana ka zuba kuɗinka a kan abin da zai tsufa a ƙarƙashin gado. In kuwa da shi za ka ci abinci, to, ka nemi wuri ka zauna, don za a daɗe. Gatari ko adda, sai ya riƙe da yatsa biyu ya ƙwanƙwasa da ƙusar nan, ya karkata kai. In ƙarar ta yi tsawo tana raguwa a hankali, ya gyaɗa kai. In ta mutu nan take, ya ajiye, ba ya ko sake kallo. Sannan ya goga magagari a bakin. Wanda magagari ya ci da sauƙi, laushi gare shi, kullum kana wurin wasawa. Wanda magagari ya zame a kansa bai kama ba sam, ya yi tauri da yawa, ranar da ya gamu da gaɓar kirya zai ɓantare. Zarto ya lanƙwasa shi ya saki, ya ga ko zai koma daidai. Filaya ya rufe bakinta ya ɗaga ta sama, in haske ya ratsa tsakani ya miƙa wa mai ita. Guduma kuwa ƙotar yake fara dubawa, ya bi jijiyar itacen da farce, don a cewarsa kan guduma bai cika kashe mutum ba sai ƙota ta sake shi.

Abin da ya tsana a duniya fenti.

"Duk ƙarhen da anka shahe da jan fenti har baki," in ji shi, "akwai abin da anka ɓoye."

'Yan kasuwa wasu na son sa, wasu da sun hango shi sai su ja buhu su rufe rabin kayansu. Wani baƙo daga Yelwa ya taɓa ba shi kyautar guduma don ya wuce rumfarsa bai tsaya ba. Ɗangana ya yi godiya, ya ƙwanƙwasa ta a gaban jama'a, ya mayar masa. Ni ma ban tsira ba. Mijina ya taɓa sayo mini wuƙa mai ƙyalli daga Kontagora, na kai masa ina taƙama, ya juya ta ya ce ta yi kyau, in ajiye ta don yankan tuwo. Na yi fushi da shi har kasuwa ta zagayo, wuƙar kuma ta lanƙwashe a kan giwan ruwa na farko. A tsawon rayuwarsa ba wanda zai ce ya taɓa jin Ɗangana ya kira mugun ƙarfe mai kyau, ko ya kushe mai kyau, ko na wane ne.

Mutane na cewa baiwa ce. Ni da na ga inda baiwar ta kai shi, ba na saurin cewa haka.

Gidansu masassaƙa ne tun kafin a datse ruwa tafki ya cinye tsofaffin garuruwa. Kakansu yana da wani gizago da wani maƙerin Kambari ya ƙera masa, shi ne gizagon gado, kuma a kansa gidan ke da wata al'ada da suke kira shimfiɗa. In maigida ya ji ƙarfinsa ya fara ja da baya, sai ya cire ƙotar gizagon gado, ya cire ta sauran gizagan rumfar aikinsa, ya sayo wasu ya ƙara. A shafe kawunan duka da toka da man gyaɗa har su zama abu ɗaya a ido, a jera su a tabarma. 'Ya'yan gida maza su zo, babba ya fara, kowa ya ɗauki ɗaya. Maigida yana zaune, amma ba ya magana. Wanda ya ɗauki na gado, rumfa tasa ce, jiragen gari kuma sun hau wuyansa. Ba ya ƙaura, ba ya ci-rani, ba ya yin nisan da za a neme shi a rasa. Wanda ya ɗauki wani, ya tafi da abinsa kyauta, ya nufi inda ya ga dama. In ba wanda ya dace, a naɗe tabarma, maigida ya ci gaba har Allah ya kawo wani.

Lokacin da kawu, baban Ɗangana, ya yi tasa shimfiɗar, Ɗangana saurayi ne, kuma ƙafarsa ɗaya tana waje. Yana da aboki, Yohanna, ɗan manoma daga wani ƙauye a bayan gari. Kawun Yohanna yana aiki a Legas, inda ake haɗa jiragen ƙarfe da walda, ya ce su zo su biyu zai sa su a hanya. Ɗangana ba ya maganar komai sai wannan. Wai jirgi na ƙarfe, kuma ya hau ruwa bai nutse ba! Har ya je Yelwa ya sayo akwatin ƙarfe na tafiya, kore, mai makulli biyu, bayan ya wahalar da mai shago rabin yini yana buɗewa yana rufewa.

Ana gobe shimfiɗa ya same ni a bayan gida ina fere kifi.

"Gobe na banza za ni ɗauka, Zulai," ya ce. "Nasiru na son rumhwa, shi ɗauka. Ni Legas ta kira ni."

Nasiru wansa ne, kuma da gaske yana son rumfar. Washegari muna leƙe ta bayan zana, mu mata, muka ga Nasiru ya durƙusa ya daɗe yana dubawa, ya ɗauki mafi girma a cikinsu. Kawu bai motsa ba, amma duk wanda ya san fuskarsa ya san ba a dace ba. Sai Ɗangana ya durƙusa. Abin da ya rage masa kawai ya miƙa hannu ya ɗauki kowanne ya tashi. Sai na ga hannunsa ya shiga aljihu ya fito da ƙusa. Sabo ne kawai, ba da niyya ba, amma ƙusar nan ita ta cuce shi.

Ya ƙwanƙwasa na farko, ya ƙwanƙwasa na biye, ya zo kan wani ɗan siriri da ke tsakiya. Ƙarar ta tashi ta daɗe ba ta sauka ba. Ya yi sauri ya ajiye shi ya wuce gaba. Ya ɗauki wani can gefe, ya auna shi a tafin hannu, har ya fara miƙewa da shi. Na ce a raina, tashi mana, wawa, tashi! Fuskarsa ta yamutse kamar ya tauna maɗaci. Ya mayar da shi, ya koma ya ɗauki na tsakiyar.

Da yamma na tare shi a hanyar gulbi, raina a ɓace.

"Mi ya same ka?"

"Hannuna ya ƙiya," ya ce. "Ga Baba zaune shina kallona, ga ƙarhe na kuka, in ɗauki gwangwani in ce shi na zaɓa? Ban iya ba, Zulai."

Yohanna ya hau babbar mota shi kaɗai. Akwatin kore ya shiga ƙarƙashin gado.

Daga nan rayuwarsa ba ta da dogon labari, shi ne ma abin da ke ba ni haushi. Ya auri Mairo, mace mai haƙuri da ƙarancin magana. Suka haifi 'ya'ya mata, daga baya Allah ya ba su namiji, Jamilu. Nasiru ya koma Yelwa yana fataucin kifi, da ya rasu Ɗangana ya ɗauko ɗansa Aliyu ya riƙe. Jirage suka yi ta girma, aka sa musu inji, aka ƙara musu kaya fiye da ƙima, aiki ya ninka. Shi dai yana nan tsakanin rumfa da masallaci da layin masu ƙarfe. In ya je Yelwa sayen ƙusa da kwalta, rana ba ta faɗuwa sai ya dawo.

Sau ɗaya ya yi nisa. Babbar 'yarsa ta sami matsala wurin haihuwa aka kai ta asibiti a Kontagora, ya bi su ya kwana biyu a can. A bayansa wani mai jirgi ya ƙosa, ya sa wani ya liƙa masa katako da ƙusar kasuwa da dakusasshen gizago, katakon ya tsage ta ciki ba wanda ya lura. Ranar kasuwar ƙetare muna tsakiyar ruwa, ba tudu gaba ba tudu baya, ruwa ya fara bulbulowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Muka yi ta kwarfa da kwanoni da ƙoƙuna, mata na salati, aka zubar da buhunan albasa, kwandunan kifina ma suka bi su. Allah ya fitar da mu da rai. Amma ka san wa aka ɗora wa laifi? Ba mai jirgi ba, ba wanda ya yi liƙin ba. Ranar da Ɗangana ya sauka a tasha, ko barka da jika ba a yi masa ba, sai "Ina ka shiga?" Ya tsaya da ledar magani a hannu yana ba mutane haƙuri. Tun daga ranar, ko biki ake a Shanga sai dai Mairo ta je ita kaɗai.

Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma ni na san inda abin yake cinsa. In direba ya zauna shan shayi, Ɗangana zai matso ya yi ta tambayarsa hanya, wane gari ke bin wane, ina ne gada, ina ake kwana. In Yohanna ya zo gida Kirsimeti, sai ya ajiye aiki ya zaunar da shi a kan kifaffen jirgi, ya sa shi ya sake ba shi labarin jiragen ƙarfe da ya riga ya haddace. Da waya ta zo, Jamilu ya nuna masa bidiyon yadda ake tura sabon jirgi cikin teku. Ya kalla, da ya ƙare ya ce a sake kunna masa.

Bara ƙafarsa ta hagu ta yi miki ya ƙi warkewa. Mairo ta matsa har ya je asibiti a Yelwa, aka auna aka ce ciwon suga ne. Likita ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in bai fita daga ruwa ba, wata rana ƙafar za a yanke. Ya dawo ya ɗaure ta da tsumma ya koma cikin ruwa, don akwai jirage uku a kife suna jiransa.

A cikin haka Yohanna ya zo. Ya bar Legas, ya dawo Kontagora ya buɗe shagon kayan aiki, irin su zarto da sifana da injin huda katako. Ya tsuguna ya duba ƙafar.

"Ka biyo ni," ya ce. "Shagona da siminti a ƙasa, ba ruwa ko ɗigo. Kujera za ni aje maka. In an kawo kaya ka ƙwanƙwasa ka ce a karɓa ko a maida. Kunnenka kaɗai nika so. Akwai ɗaki a gidana, kai da Mairo."

Ranar na ga haƙoran Ɗangana har na ciki. Ya jawo akwatin kore daga ƙarƙashin gado, ya goge shi, ya ɗiga masa mai a makullai. Ko ɗigon tsatsa babu a jikinsa. Ya aika wa masu jirage cewa bayan an yanke shinkafa zai yi shimfiɗa.

'Ya'yan gida biyu ne. Aliyu ɗan kabu-kabu ne, yaron kirki mai fara'a, kuma yana son rumfar don ya gaji da titi. Sai dai Aliyu in ka ba shi gatari da murfin tukunya ka ce ya ƙwanƙwasa, zai ce maka duk ƙarfe ne. Jamilu kuwa ya koyi haɗa sola a Birnin Kebbi, wani kamfani ya ɗauke shi aikin zagaya garuruwa, zuwansa gida ma sallama ce ta kawo shi. Yana maganar Sakkwato da Kano da Abuja, idonsa na haske irin na wani saurayi da na sani da. Kuma ranar wata kasuwa na gan shi da idona a layin masu ƙarfe, ya ɗauki sifana ya ɗalle ta da farce, ya kai ta kunne, ya karkata kai.

Na je na faɗa wa Mairo. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Na daɗe da sani," ta ce. "Ki ruhwa mini asiri, Zulai. In na roƙa ma uban, na kashe ɗan. In na roƙa ma ɗan, ƙahwar uban ta tahi. Yanzu in na yi salla, sai in ce Allah shi zaɓa, in tashi."

Ban haƙura ba, na gangara rumfa na sami Ɗangana yana cire ƙotoci.

"Ka san wa za ya ɗauka," na ce.

"Allah shi ya sani."

"Kai ma ka sani."

"Aliyu na so."

"Aliyu? Kai dai ka ji tsoron Allah."

Ya ci gaba da bubbuga ƙota. A hanyar komawa na ci karo da Jamilu. Ya gaishe ni ya karɓi kwandona, muka jera. Ni da ba a raba ni da magana, na rasa ta inda zan fara. Shi ya fara.

"Gwaggo, na ga ƙahwar jiya da Inna ke wanke ta. Ba wanda ya hwaɗa mini ta kai haka."

"To, aikin naka hwa?"

"Aiki na nan," ya ce. Sannan ya ƙara, "In ban ɗauka ba, wa za ya ɗauka?"

Ranar shimfiɗa da hantsi aka taru a rumfa. Masu jirage sun zo, dattawan unguwa sun zo, Yohanna ya zo da motarsa ya ajiye ta a kan tudu, don an shirya in an gama ya wuce da abokinsa. Akwatin kore yana zaure, Mairo ta riga ta shirya kaya a ciki. Wannan karon ban tsaya bayan zana ba, na tsufa da leƙe. Na sami turmi na zauna a gaba.

Ɗangana yana kan kujerar katako, ya miƙe ƙafar da ke ɗaure. Ga kawunan gizago a jere a tabarma, baƙi ƙirin, sai ƙyallin mai.

Aliyu ya durƙusa ya yi bisimilla, ya shafa wannan ya shafa wancan, ya ɗauki wanda ya fi sulɓi, ya tashi yana murmushi. Wani dattijo ya yi gyaran murya.

Jamilu ya durƙusa. Ya zaro 'yar ƙaramar sifana daga aljihun wandonsa, ya fara daga gefe. Na farko ya amsa a gajarce. Na biyu ma haka. Ina kallon Ɗangana, ba tabarmar yake kallo ba, hannun yaron yake kallo. Da Jamilu ya zo kan ɗan siririn nan, wanda wasawa ta shekaru ta ƙara rage shi, ya ɗaga shi da yatsa biyu ya buga. Ƙarar ta tashi ta cika rumfar. Bai wuce gaba ba, bai yi irin wayon da ubansa ya gwada ba. Ya dubi ƙafar da ke ɗaure, ya dunƙule hannunsa a kan ƙarfen, ya fara miƙewa.

"Aje shi."

Kowa ya juya. Maigida ba ya magana a shimfiɗa, tun kakanni ba a taɓa yi ba.

"Aje wanga," Ɗangana ya sake cewa. "Ya tsage ta ciki."

"Baba," in ji Jamilu. Ya sake ɗaga shi ya buga da ƙarfi. Wallahi ko ni da ban san komai ba sai wuƙar kifi, na ji ƙarar nan ba ta da aibi. Ta daɗe tana yawo kafin ta mutu.

"Na ce ya tsage. Tun bara na ji shi." Ya dubi yaron. "Ko kunnenka ya hi nawa?"

A duk faɗin Warra ba mai iya amsa wannan tambayar da i, balle ɗan cikinsa, a gaban mutane. Jamilu ya tsaya a durƙushe yana kallon ubansa, ubansa na kallonsa. Yaron ya san ƙarya ce. Uban ya san ya sani. Na ga hawaye ya gangaro wa Jamilu har gemu, bai share ba.

"A'a, Baba," ya ce.

Ya ajiye shi a hankali, ya miƙa hannu can gefe ya ɗauki wani, ko dubawa bai yi ba.

"Ba a dace ba," in ji Ɗangana. "A naɗe tabarma."

Sai na ji wani daga cikin masu jirage ya sauke numfashi ya ce alhamdulillahi a hankali. Da a kusa da ni yake, da na manta da girmansa. Aka fara watsewa, kowa na sunkuyar da kai, ba wanda ya tambayi wanne ne na gadon, don kowa ya ji da kunnensa. Aliyu ya tsaya da nasa a hannu ya rasa abin da ke faruwa. Yohanna ya matso ya tsuguna kusa da kujerar.

"Ƙahwar hwa, Ɗangana?"

"Tana nan inda take."

"Ba ka da hankali. Tun muna yara ba ka da shi."

"Na sani. Ka rage ma yaron hanya, shi sami mota a Kontagora."

Ya sa Mairo ta kwashe kayansu daga akwatin kore ta zuba na Jamilu. Shi da kansa ya ɗingisa har tudu, ya nuna wa yaron yadda ake murɗa makullan, na dama kafin na hagu. Jamilu ya durƙusa zai yi magana, uban ya ce masa rana na yi, su kama hanya. Ya tsaya har motar ta sha kwana.

Washegari aka fito masallaci ban ji gizago ba. Na zauna gaban murhun banda da ashana a hannu, ban kunna ba. Gari ya waye sosai, shiru. Na yafa mayafi, na biya wurin Mairo, na gangara.

Yana zaune a bakin rumfa, ya mayar da ƙota a kan gizagon gado yana daidaita ta. Ƙafar ya zura ta cikin leda ya ɗaure da roba a ƙauri. Ga wani jirgi rabi a ruwa rabi a tudu, mai shi na tsaye daga nesa yana jira. Tausayi ya kama ni, haushi ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi, sai na koma ga abin da na saba.

"Ashe da tsagaggen ƙarhe za ka gyara muna jirgi?"

Na jira ya ambaci kyanwowi. Bai ambata ba.

"Sun isa?" ya ce.

"Mairo ta ce ya bugo. Ya kwana wurin Yohanna, da sahe ya sami mota."

"Akwatin bai ba shi wahala ba?"

"Ya ce ko makulli ɗaya bai cije ba."

Ya gyaɗa kai, ya gwada bakin gizagon a farcensa.

"Ba ya cijewa," ya ce. "Na zaɓe shi da kyau."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya taka cikin ruwan da ƙafar leda, ya nemi inda katakon ya ruɓe. Ina hawa tudu na jiyo sara na farko a bayana, na je na hura wutata.